Ƙwaya Sha Ɗaya Cikin Ɗari

Talata, 9 ga Mayu 2006, da hantsi

Sha ɗaya.

Sau uku ina ƙirgawa. Ranar Alhamis na ɗebi ƙwayar gero ɗari daga irin da nake sayarwa, na jera a tsohon buhun algarara, na yayyafa ruwa, na naɗe na ajiye a gindin randa, yadda muke yi tun ina malamin gona. Yau na warware. Sha ɗaya suka tsiro. Sauran na kwance jajur da maganin ƙwarin da kamfani ya shafa musu, wasu har sun fara wari.

Ba wanda ya aike ni. Karambani ne da zaman kaɗaici. Tun da matata Murjanatu ta tafi goyon ciki gidansu a Gummi, in na rufe shago ba ni da abokin magana sai ƙadangarun tsakar gida. Da ban taɓa buhun nan ba, da yanzu ina shan kokona hankali kwance.

Wataƙila buhun ne. Wataƙila ruwan rijiyata ne, dama gishiri-gishiri gare shi. Zan sake.

Asabar, 13 ga Mayu, bayan azahar

Na sake. Leda uku daga kwali uku, sabon buhu, ruwan gulbi. Tara. Sha huɗu. Sha biyu.

Ba buhu ba ne.

Leda fiye da ɗari biyu sun riga sun fita daga shagon nan, suna rataye a ɗakunan mutane daga Nasarawa Burkullu har ƙauyukan bayanta, ana jiran ruwa.

Na ciro yarjejeniyar da na sa wa hannu bara, lokacin da Kamfanin Zangarniya ya ba ni wakilcin sayar da irinsa a Bukkuyum. Shafi sha tara, Turanci zalla. Ran da na sa hannu, inda aka rubuta rabona kawai na duba, ina ɗokin a zo a shafa wa shago koren fenti. Yau na karanta har ƙananan rubutun. Sashe na sha huɗu: ba ni da ikon yin talla ko sanarwa a kan kayansu sai da kalmomin da suka rubuto. Sashe na sha biyar: ba zan faɗi abin da zai rage darajar kamfani ko kayansa ba, da baki ko a rubuce, ga mutum ɗaya ko ga taro, ina wakili ko bayan na bari har shekara biyu. In na saɓa, su karɓe wakilci, su riƙe kuɗin ajiya, su kai ni kotu in sun ga dama.

Kuɗin ajiyar nan shanun Inna ne guda biyu.

Ko wannan littafin da nake rubutu a ciki, in sashe na sha biyar za a bi, laifi ne. To, su zo su kama shi.

Lahadi, 14 ga Mayu, da safe

Haushin kaina ya fi na kamfani yawa.

Da kaya suka iso a Afrilu, sun haɗo da kaset na talla, wata murya ta birni tana ta cewa iri mai inganci don manomin zamani. Kwana uku ina kunnawa, ko akuya ba ta waiwayo ba. Sai na yi abin da kowane ɗan kasuwa yake yi a ƙasar nan: na kira Ɗanmusa sanƙira, na ba shi goro, na ce ya zaga kasuwar Nasarawa. Ban gaya masa abin da zai faɗa ba. Wa yake koya wa sanƙira magana? Shi kuwa bai san wani Zangarniya ba, asalin mutane ya sani. Ya buɗe baki ya ce, "Iri ya zaka! Irin Abdulhadi ɗan Malam Mahmuda, ɗan gidan allo, gidan da ba a taɓa kama ƙarya ba!"

Kafin la'asar kwali huɗu sun ƙare. Kafin mako ya zagayo takardar gargaɗi ta iso daga Gusau, wai na saɓa sashe na sha huɗu, in na ƙara shi ke nan. Dariya na yi lokacin.

Yanzu duk yankin nan ba mai cewa irin Zangarniya. Irin ɗan Malam ake cewa. Mahaifina ya shekara tara a ƙasa, bai taɓa sayar da ko allura ba, ni na ɗauko sunansa na liƙa a leda. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Litinin, 15 ga Mayu, da yamma

Na shiga mota har Anka don in buga waya, tunda mu nan sai ka hau tsauni kafin ka samu sabis. Na kira Lirwanu, jami'in kamfani da ke kula da mu daga Gusau. Na gaya masa komai. Sai ya ce:

"Wa ya sa ka gwaji?"

Na ce ba kowa.

"Kai ne ɗakin binciken kamfani?"

Na ce a'a, amma shekarata takwas ina malamin gona, in na ga matacciyar ƙwaya na san ta.

"Malam Abdulhadi, kada in ƙara jin kalmar nan a bakinka, ko a waya. Zan kai magana sama. Kafin su amsa, ba ka ga komai ba."

Na ce to bari in rufe shago kafin nan.

"Kada ka rufe. In ka rufe shago dab da damina mutane za su tambaya, kai kuma na san ka, za ka amsa."

Mai wayar hayar yana kallona yana kallon agogonsa. Na biya shi na fito, na sayi rogo a tasha, na kasa ci.

Laraba, 17 ga Mayu, da la'asar

Baba Namadi ya zo daga Nasarawa. Aminin mahaifina ne, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Leda shida ya saya tun ran da Ɗanmusa ya yi shela. Yau gaisuwa kawai ta kawo shi, da ƙullin daddawa da matarsa ta ba shi ya kawo mini.

"Ɗan Malam, gwauranci bai karɓe ka ba. Ka rame awa kazar mayu."

Na yi dariyar da zan iya. Ya zauna, ya cire hula, muka taɓa maganar zafi da tsadar taki. Sai da ya miƙe zai tafi ya ce, "Tunda na aje naka, dami biyun da nib bari na iri cikin rumbu, sussuke su za a yi. Bazara ta yi tsawo, yara na son hura. Ko mi kag gani?"

Na dubi kwalaye. Na dubi ƙofa. Akwai mutum biyu a benci suna shan inuwa, ɗaya ban san shi ba.

Na ce, "Allah ya kawo damina mai albarka, Baba."

Ya ce amin, ya sa hularsa.

Ban ce ya sussuke ba. Ina so ya zauna a rubuce cewa ban ce ya sussuke ba.

Alhamis, 18 ga Mayu, bayan asuba

Ban ce kada ya sussuke ba.

Asabar, 20 ga Mayu, da azahar

Na tura sauran kwalayen ƙuryar shago na lulluɓe da tamfol. Duk wanda ya zo sai in ce ya ƙare. Yau mutum bakwai na yi wa wannan ƙaryar. Ɗaya ya leƙa ya ce, "Wancan hwa?" Na ce maganin feshi ne. Wani dattijo daga wajen Abare ya ce ba komai, zai aika a sayo masa a Gummi, ai iri ɗaya ne. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Daga Gusau shiru.

Lahadi, 21 ga Mayu, bayan magariba

Na je Gummi. Na fara biyawa shagon Abdussalam, wakilin kamfani na can. Fentinsa irin nawa, allonsa irin nawa, kaset ɗin nan na ta surutu. Tare muka sa hannu rana ɗaya, na ce ko shi zai gane.

Muka zauna muna zagaye-zagaye kamar masu neman aure. Na ce yaya kasuwa. Ya ce alhamdu lillahi. Na ce kayan bana fa, ya gan su? Ya ce ya gan su, leda ta yi kyau. Na ce ba leda nake nufi ba. Ya tashi ya ƙara wa kaset murya, ya dawo ya zauna kusa da ni.

"Ni ban gwada ba, Abdulhadi. Wanda bai gwada ba bai sani ba. In ka hwaɗa min wani abu yanzu, dole in kai shi gaba, ita ma tana cikin takarda. Don Allah sha lemonka."

Na sha lemona.

Daga nan na wuce gidan surukai. A zaure aka ajiye ni, kamar kullum. Murjanatu ta fito da ƙyar, ƙafafunta sun kumbura. Ta tsuguna nesa, ta gaishe ni, ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ba ka cin abinci." Na ce ina ci. Ta ce, "Shago lahiya?" Na ce lafiya. Na buɗe baki zan ƙara, sai ga babanta ya dawo daga masallaci, muka shiga gaisuwa har lokaci ya ƙure.

Tun daga Bukkuyum na shirya abin da zan ce mata. Da shi na dawo.

Talata, 23 ga Mayu, da la'asar

Ba hadari.

Laraba, 24 ga Mayu, da yamma

Na je Nasarawa ganin Inna. Tun daga hanya na ga an fara binne. Mutane sun gaji da jiran sama, suna sara busasshiyar ƙasa da sungumi suna zuba iri suna takewa, don ruwan fari ya tarar da shi a ciki. Ledojin nan kore da aka zazzage iska na yawo da su a gonaki, wasu sun maƙale a ƙaya. Wani ya hango ni a bayan mashin ya ɗaga hannu ya ce, "Naka muka binnewa, ɗan Malam!" Na ɗaga masa nawa hannun.

Inna ta dama mini fura. Ina sha ina kallon ƙwarya.

"Mi ka damunka?"

Na ce zafi ne.

"Zahi bai hana mutum duban uwatai."

Na ce, "Inna, in kuɗin shanun nan suka tafi fa?"

Ba ta tambayi dalili ba. Ta ce, "Shanu sun tahi tun bara. Kai nika gani gabana."

To ga shi. Mako biyu ina fakewa da shanun Inna, ta janye mini su da magana ɗaya. Ashe ba shanu ba ne. Tsoro nake ji. Tsoron takardar lauya, da tsoron in koma ba kowa ba bayan na bar aikin gwamnati da fankama, da tsoron in tsaya gaban mutanen da suka san ni tun ina tsirara in ce na cuce su. Gidan Baba Namadi yana bayan namu, taku arba'in. Ban shiga ba.

Juma'a, 26 ga Mayu, bayan saukowa masallaci

Liman ya yi roƙon ruwa. Sahu duka na cewa amin, wasu dattawa har da hawaye. Ni ma bakina amin yake cewa. Zuciyata kuwa cewa take a ɗan dakata tukuna.

Ban taɓa jin ɗan manomi ya yi irin wannan addu'a ba. Allah ka yafe mini.

Asabar, 27 ga Mayu, da azahar

Lirwanu ya zo da kansa, da sababbin hotunan talla. Ya ce sama sun amsa: iri ya ci jarrabawarsu tun kafin ya bar ma'ajiya, ba su da wani bayani. Na ce a ina ya kwana daga nan zuwa nan, shekarar yaushe aka girbe shi? Ya ce ba a gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba.

Sai ya miƙo mini wata 'yar takarda. Wai in manomi ya kawo kuka bayan ruwa, amsa uku aka yarda in bayar: an zurfafa shuka, ko ruwa bai isa ba, ko tsuntsu ya tone.

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Wato in dubi mutumin da ya shekara hamsin da sungumi a hannu in ce bai iya shuka ba? Ni da kai wa ya taɓa cika rumbu?" Na buga tebur har sikeli ya faɗi.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan. Ya ɗauko sikelin ya mayar, ya ce, "Ni ma akwai takardar da na sa wa hannu, Malam Abdulhadi. 'Ya'yana huɗu." Ya ce in sa hannu na karɓi hotuna. Na sa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Lahadi, 28 ga Mayu, da la'asar

Hadari ya taso gabas, baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi, iska ta watsa shi. Ina tsaye a ƙofar shago ina kallonsa. In ruwan nan ya sauka, mutane za su zauna kwana biyar, shida, suna jiran tsiron da ba zai zo ba, danshi ya wuce su.

Na rufe shago na tafi wurin Ɗanmusa. Shi ne mutum na farko da na gaya wa da bakina, ban da Lirwanu. Na ce gobe kasuwa, ya zaga kamar wancan karon ya faɗi gaskiya, ko nawa ne zan ba shi.

Ya gutsuri goro.

"Ni yabo nika saisuwa, ɗan Malam. In nit tona abin da niy yaba, gobe wa ka kira na? Wagga magana bakinka taka so." Ya tofar da tuƙa. "Amma ina sa a yi ma shiru. Wanga na iya."

Litinin, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Na yi.

A layin 'yan hatsi, kan amalanken wani. Ɗanmusa ya yi kira sau biyu, kasuwa ta lafa. Na warware buhun gwaji na ɗaga. Na ce ni ne Abdulhadi ɗan Malam Mahmuda. Na ce irin Zangarniya da na sayar muku matacce ne, cikin ƙwaya ɗari, sha ɗaya kawai ke tsirowa. Wanda bai binne ba kada ya binne. Wanda ya binne kada ya jira shi, ya nemi irin gida ya maimaita da ruwan fari. Sunan kamfani sau uku na faɗa, da gangan, don kada wani ya ce ba a ji ba.

Na sauke buhun. Sai wani ya ce, "To ana cin shi?" Na ce a'a, akwai guba a jikinsa, ko kaji kada a ba. Daga nan hayaniya ta ɓarke. Wani ya jefo ni da leda ta fashe a ƙirjina. Wani ya zagi ubana, na kusa da shi ya ce ya bar Malam ya kwanta. Na ce duk mai magana ya same ni a shago, ba inda za ni.

Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Ina ta duba fuskoki, ban ga Baba Namadi ba. An ce yana gona.

Laraba, 31 ga Mayu, da azahar

An yi ruwa. Mai yawa.

Juma'a, 2 ga Yuni, da yamma

Labari ya riga ni isa Gusau. Lirwanu ya zo da a-kori-kura da mutum biyu. Sun kwance allo, sun kwashe kwalaye da hotuna, har kaset ɗin. Ya ba ni ambulan daga lauyansu, ban buɗe ba. Da zai shiga mota ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce in gaida gida.

Koren fentin ne kawai ba su iya ɗauka ba.

Masu sauran irin gida duk suna gona tun jiya suna maimai. Waɗanda na gamu da su a hanyar masallaci suna amsa sallama, iyakarta ke nan. Ban ga laifinsu ba. Benci na nan a ƙofa, inuwa na nan, ba wanda ya zauna.

Lahadi, 4 ga Yuni, da hantsi

Baba Namadi ya zo. Ƙafafunsa duk laka, daga gona yake. Na shimfiɗa masa tabarma, na ɗebo ruwa a moɗa na ajiye gabansa. Muka gaisa har ƙarshe, bai rage komai ba, har ya tambayi mai ciki.

Sannan ya ce, "Tambaya guda nit taho da ita. Yaushe kas sani?"

Ina iya cewa ranar Lahadi. Ba mai ƙaryata ni a duk faɗin Bukkuyum.

Na ce, "Tara ga watan jiya, Baba."

Ya sunkuyar da kai yana lanƙwasa yatsu.

"Kahin in zaka shagonka ke nan."

"I, Baba."

"Ran da nit tambaye ka."

"I."

Na fara kawo maganar takarda, da sashe na sha biyar, da mutum biyun da ke zaune a benci. Ya ɗaga hannu ya tare ni.

"Da ka raka ni bakin hanya ka ce, Baba bar daminka. Kalma ukku. Ba ni tambayarka dalili, kamhwani ba shi ji."

Na ce zan nemo masa iri ko daga ina ne, yau ɗin nan, ko Gummi ko Anka.

"Na samu." Ya dubi tafin hannunsa. "Shekara hamsin ina noma. An yi hwari, an yi hwara, ban taɓa cinye irina ba, ban taɓa roƙon na wani ba. Shekaranjiya na ɗauki ƙwarya na tahi gidan mijin ɗiyata. Shi da kai nai ya auna min, yana kau da kai don kada in ji kunya."

Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mu baki ɗaya, ya dafa bango ya miƙe, ya ce zai koma kada danshi ya wuce shi.

Bayan ya tafi na zo naɗe tabarma. Ruwan na nan a moɗa yadda na ajiye shi, bai taɓa ba.